Kofur Dalhatu Mai Ƙirga Mutane

A Challawa, idan wari ya buge ka tun daga kan titi har ka fara hararar na kusa da kai a cikin adaidaita, to kada ka ɗauki alhakin bawan Allah, layin kamfanonin fata ka iso. A ɗaya daga cikinsu, mai baƙin get da doguwar katangar da aka dasa wa fasassun kwalabe, nan Dalhatu ya yi aikin shekara biyu da 'yan watanni. Kofur ake ce masa. Dogo ne, siriri, yana jan ƙafar hagu, kunnensa na dama kuwa ya riga shi yin ritaya. Abokan aiki sun gane haka tuntuni: mai zaginsa ta dama yake zagayawa, mai roƙonsa goro ta hagu.

Aikinsa ɗaukar jiƙaƙƙiyar fata daga ramin farar ƙasa zuwa ganga, wato ƙaton durom ɗin katakon nan da inji ke juyawa ana wanke fata a ciki. Aikin mutum biyu ne, kowa ya kama gefe ɗaya, a ɗaga tare, a jefa tare. Amma ba da ɗaukar fata aka san Kofur ba, da ƙirge aka san shi. Kullum da safe yana tsaye a bakin get, leɓensa na motsi kamar mai lazimi, yana ƙirga 'yan aikin safe suna shiga. Ƙarfe biyu in an tashi, shi ne farkon fita, ya koma gefe ya sake tsayawa. In su ashirin da huɗu suka shiga, to sai ya ga ashirin da huɗu a waje, har da shi kansa, sannan ƙafarsa za ta yarda ta kama hanyar Panshekara. Ba wanda ya sa shi. Ba kuma wanda ya taɓa ce masa sannu.

Wannan ƙirgen ya riga ya cinye masa aiki biyu. A Bompai gadin wani sito ya samu, rannan ya hana manyan motoci uku fita har tsawon awa biyu, wai ɗan dako ɗaya bai fito ba. Aka yi ta neman mutum, ashe yana bayan buhunan sukari yana sharar barci. Aka tashi mai barci da mari, aka sallami Kofur da takarda. A Sharada kuma, a wani kamfanin robobi, kashe inji ya yi ana tsakar aiki saboda mutum ɗaya ya ɓace masa. Mutumin yana banɗaki, zawo ke ɗawainiya da shi. A nan Challawa ma sufabaiza, Malam Nazir, ya riga ya ba shi gargaɗi a rubuce sau ɗaya, ya kuma ce na biyun ba gargaɗi ba ne.

Matarsa Radiyya ba mai yawan magana ba ce, amma ranar da ya kawo takardar gargaɗin ta ajiye muciya ta dube shi.

"Baban Fiddausi, don girman Allah ka bar wa mutane 'ya'yansu su ƙirga abinsu. Mu ma nan mu biyar ne, ka riƙa ƙirga mu. Shekararka arba'in da shida, ƙafa ɗaya da rabi. Wa zai sake ɗaukarka in wannan ya kuɓuce?"

Ya ce ya ji. Kuma da gaske ya ji, don ta hagu ta tsaya.

Shi dai Dalhatu ba da bindiga aka haife shi ba. Mahaifinsa ma'aikacin masaƙa ne a Sharada, shekara ashirin da biyar yana tsaye gaban inji, har ranar da aka rufe masaƙar, aka ba su atamfa bibbiyu aka ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Lokacin Dalhatu ya gama sakandare, yana zaga gari da takarda a leda. Da aka ce ana ɗaukar soja, ya tafi. In ka ji an ce kishin ƙasa ne ya kai shi, to ba daga bakinsa maganar ta fito ba. Shi cewa yake, "Tukunyar gidanmu ce ta cike min fom."

Sai dai yunwa bariki kawai take kai mutum, ba ta sa shi ya miƙe tsaye ana ruwan harsashi. Wannan ce tambayar da ake yawan yi masa a teburin mai shayi, musamman da aka ji ba soja gama-gari ya yi ba, a runduna ta musamman yake, irin waɗanda ake tacewa daga ɗari uku a ɗauki talatin, a tura su inda sauran suka ce a kai kasuwa. Me ke sa mutum mai hankali ya ruga wajen da ake harbinsa? Kowa da amsarsa. Wani ya ce albashi ne. Wani ya ce layu suke ɗaurawa. Ado, mai kula da injin ganga, ya rantse akwai allurar cire tsoro da ake yi musu. Kofur sai ya kurɓi shayinsa ya ce, "Da akwai allurar nan, da yanzu ina da shago a Sabon Gari." Daga nan ba ya ƙarawa.

Abin da ba ya faɗa a teburin shayi shi ne labarin Inuwa.

A rundunarsu, tun ranar farko ake haɗa mutane bibbiyu, ba a tambayar ka wa kake so. Dalhatu aka haɗa shi da Inuwa, wani gajeren mutumin Gumel mai minshari kamar tsohon janareta, mai cin rabon mutum biyu, wanda in ya buɗe baki zai yi waƙa tsuntsaye sai sun canza bishiya. In ruwan ɗaya ya ƙare, gorar ɗayan ta zama tasu. In wannan ya runtsa, wancan ne idonsa. Inuwa ya haddace lambar wayar Radiyya, Dalhatu ya haddace ta mahaifiyar Inuwa, ba sai an faɗi dalili ba. Doka kuwa guda ce ake maimaita musu har ta gundure su: ba ka hawa mota sai ka ga abokinka da idonka. Ba ji aka ce ba, gani.

To a nan maganar take. Idan wuta ta buɗe, mutum na kwance bayan tudu, ba tuta yake tunawa ba, ba ƙarshen wata ba. Abin da yake gani shi ne wannan gajeren mai minsharin ya riga ya miƙe yana gudu gaba, bayansa a buɗe, kuma ya miƙe ne don ya tabbata kana biye da shi. To ta ina za ka ci gaba da kwanciya? An ce tsoro na daji, kunya na gida. Su can gidan nasu a cikin dajin yake, yana tafe kusa da kai da bindiga, yana satar maka garin kwaki. Dalhatu ya sha miƙewa a tsorace, ba don ya fi kowa zuciya ba, sai don ba zai iya haɗa ido da Inuwa ba in bai miƙe ba. Wata rana Inuwa ya gaya masa cewa shi ma don haka yake miƙewa. Ashe matsorata biyu ne ke jan juna, jama'a na kiransu jarumai.

Shekara uku suna tare a yaƙin arewa maso gabas. Rannan da tsakar rana, a wani busasshen rafi, aka yi musu kwanton ɓauna. Bam ya tashi kusa da Dalhatu, ya tafi da kunnen dama, ya bar masa ƙarfe a cinya. Aka ba da umarnin ja da baya, motoci biyu suna tsaye inji na kuka. Yana jan ƙafa cikin hayaƙi yana kiran Inuwa, wani ya damƙi kafaɗarsa ya yi masa tsawa a kunnen da ya rage: "An ce ya hau ta gaba! Shiga!"

Ya shiga. Su talatin da ɗaya suka fita. A sansani aka ƙirga talatin.

Sai bayan kwana uku aka samu komawa wurin. Dalhatu yana gadon asibiti, waɗanda suka je suka ba shi labari, da ma ba su ba shi ba. Ba a inda bam ya tashi suka tarar da Inuwa ba. Ya ɗaure cinyarsa da bel, ya ja jiki kusan taku ɗari biyu har zuwa daidai inda motocin suka tsaya, ya jingina da wata aduwa yana fuskantar hanya. Gorarsa ba ko ɗigo. Wato ba nan take ya mutu ba. Zama ya yi yana jira, don ya san doka, ya kuma san abokinsa.

Dalhatu ya kira lambar da ya haddace. Bayan wata takwas aka sallame shi saboda ƙafa. Tun daga nan, in maganar mutum ake ko yana nan ko ba ya nan, ko liman ne ya shaida sai Kofur ya je ya gani.

A kamfanin fata, mai kama masa ɗaya gefen fatar shi ne Sule, Badamagare, mai shekara hamsin da bakin ɗan shekara goma sha biyar. Tsakanin Bakano da Badamagare kuwa wasa gado ne. Tun safe Sule zai fara: "Kofur, ɗaga mana! Haka kuka riƙa ɗaga bindigar? Shi ya sa har yau yaƙin bai ƙare ba." Kofur ya ce, "Kai da tuwo ya tsallako da kai iyaka, har kana da bakin magana?" Haka za su wuni, fata na tafiya, zagi na tafiya.

Akwai wata al'adar ma'aikata da ba a rubuta ta ko'ina ba. A bakin get akwai littafi, kowa ya sa hannu in zai shiga, ya sa hannu in zai fita. Wanda ke da uzuri, ɗaurin aure ne, jana'iza ce, ko lalaci tsagwaronsa, sai ya ce wa wani, "In an tashi ka sa min hannu," ya sulale ta baya. Hanyar bayan kuwa ta kan kwatami ta bi, babban ramin da ruwan kemikal da gashi da kitsen fata ke taruwa, zurfinsa ya kai tsayin mutum biyu. An gitta masa katako ɗaya, daga nan sai katanga, inda masu fita suka daɗe da kakkarye kwalaben. Don gudun fitinar Kofur, sai aka ƙara wa al'adar sharaɗi: duk mai sulalewa ya fara zuwa gabansa ya ce, "Kofur, cire ni." Kofur ya dube shi, ya cire shi daga ƙirge. A zauna lafiya.

Ranar jajiberin Babbar Sallah, damina ta kankama, za a rufe kamfani kwana uku kafin fatun layya su fara zubowa. Da hantsi wasan ya wuce gona da iri. Suna ɗauke da fata Sule ya ce, "Ni fa akwai abin da ke ba ni mamaki. An ce irinku ba sa dawowa sai a akwati, kai kuma ga ka nan kana cin ƙosai. Faɗi gaskiya, wa ka bari a can ka gudo?"

Kofur ya saki gefensa. Fatar ta faɗi tim, ta watsa wa Sule ruwan farar ƙasa har cikin baki. Aka kwashe da dariya. Sule yana tofarwa yana cewa, "Daga wasa? Ashe Kanawa ba ku da gado?" Kofur ya juya masa baya. Daga nan ba wanda ya sake duban ɗan'uwansa. Ƙarfe sha biyu aka tsayar da ɗaukar fata, kowa ya watse wankin inji da sharar daɓe saboda hutu.

Ƙarfe biyu aka kashe janareta. Kofur ya fita, ya koma gefensa na kullum. Mutane na fitowa ana ta barka da Sallah tun yanzu. Ashirin da ɗaya. Ashirin da biyu. Da shi, ashirin da uku. Ya sake bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Nazir, ku dakata da kwadon nan. Saura mutum ɗaya."

Malam Nazir ya buɗe littafi ya ɗora yatsa. "Ashirin da huɗu shiga, ashirin da huɗu fita. Ga shi da tawada. Kofur, yau jajibere, kada ka fara."

"Sule bai fito ba."

"Ga sa hannun Sule nan."

"Na gani. Ni mutumin nake nema."

Ado ya jawo shi gefe, ya zagaya ta hagu ya yi ƙasa da murya. "Kofur, ka rufa min asiri, 'ya'yana shida. Ni na sa masa. Tun sha biyu da rabi ya ce zai bi ta baya, kasuwar raguna zai tafi, wai yau farashi ke karyewa."

"Me ya hana shi zuwa in cire shi?"

"Kai da ka yi masa wanka a gaban jama'a? Fushi yake."

"Ka ga fitarsa?"

"Ya ce min zai..."

"Ado. Ka gan shi bayan katanga da idonka?"

"Ban gani ba. Amma kowa ya san ya fita."

Kofur ya nuna tsallaken titi. Keken Sule na nan jingine a rumfar mai faci, inda yake barin shi kullum. Ado ya ce, "Wa ke ɗauko rago a keke? Adaidaita ya hau." Aka buga wayarsa, a kashe. Wani ya ce ai wayar Sule daga Juma'a sai Juma'a take ganin caji. Kowace magana da ma'anarta. Babu wadda Kofur zai iya ƙaryatawa.

Ya koma gaban sufabaiza. Mutumin da ya taɓa tsayawa gaban igwa, ga shi yana murza hula a hannu. "Ku yi wa Allah, Malam. Minti biyar. In leƙa in fito."

"In na buɗe sai na rubuta dalili. In rubuta me? Littafina ƙarya ne? Mun ji labarin Bompai, mun ji na Sharada. Wallahi in ƙafarka ta sake taka cikin nan ba izini, ka yi Sallarka ka zarce, kada ka dawo." Ya datse kwado, ya jefa makulli a aljihu, ya hau babur ɗinsa ya ba ta wuta.

Jama'a suka fara watsewa. Kofur ma ya kama hanya, don me ya rage? Sau biyu ya tayar da hankalin mutane, sau biyu yana jin kunya. Wataƙila yanzu haka Sule na can yana taɓa ƙirjin ragon da ba zai iya saya ba, yana zagin mai shi. Ga Radiyya da muciyarta a ajiye. Ga Fiddausi, bana za ta rubuta jarrabawar fita sakandare. Mu ma nan mu biyar ne. Ya yi taku hamsin, ya yi ɗari. Ya kai bakin kwalbati, sai lissafin hutun ya faɗo masa: yau aka rufe, sai bayan kwana uku a buɗe.

Kwana uku. Ƙafar hagun ta tsaya, ta dama ta bi ta.

Ya juya da gudu, irin gudun da ƙafa ɗaya da rabi ke iyawa. A rumfar mai faci ya fizgi igiyar jan mota ba ko sallama, ya zagaya bayan kamfani ta cikin ciyawa da taɓo. Ya taka kututture, ya kama katanga, ragowar kwalba ta yanke masa tafi bai ji ba. Da ya ɗaga kai sama ya leƙa, sai ya ga katakon ya rabu biyu. Ruwan damina ya daɗe yana cin sa. Rabi na maƙale a baki, rabi na yawo a kan baƙin kumfa. Ya haure katangar, ya dira a bakin ramin.

Sule yana can ƙasa, ruwan ya kai masa wuya, ya saƙala hannu ɗaya a jikin wani bututun ƙarfe. Kansa ya langaɓe. Awa ɗaya da rabi ke nan. Ya yi ta ihu janareta na cinye muryar, da aka kashe janaretan kuma muryar ta riga ta ƙare.

"Innalillahi!" Ado ne. Ashe ya biyo bayansa, ya hau katangar, yana dirowa ya fara tuɓe riga zai faɗa.

Kofur ya shaƙo wuyansa ya maka shi da ƙasa. Duk ma'aikacin fata ya san labarin irin wannan rami: ɗaya ya faɗa, na biyu ya bi shi, tururin ya kayar da shi, na uku ya bi na biyu, a wayi gari ana sallar gawa huɗu. "Ba mai shiga sai ni! Koma kan katanga ka yi ihu, duk wanda bai yi nisa ba ya zo. Maza!"

Ya ɗaure igiyar a turken ƙarfe, ya jiƙa rigarsa a ruwan sama da ya taru a wani durom, ya naɗe hanci da baki, ya sauka yana bin igiyar. Tun kafin ya taɓa ruwan idanunsa suka fara zuba. Warin nan da ake wa dariya a adaidaita, a nan ƙasa ba wari ba ne, hannu ne mai shaƙe maƙogwaro. Ruwan ya shiga yankan tafinsa kamar garwashi.

"Sule! Badamagare! Buɗe ido, ɗan cin tuwon mutane!"

Idon ya ɗan buɗe. Leɓen ya motsa, sai da Kofur ya juya masa kunnen hagu.

"Na ji an kashe inji," in ji Sule. "Na ji an buga get. Na ji tashin babur."

"To ga ni. Saki ƙarfen."

Hannun ya ƙi sakuwa, ya sandare a jikin bututun. Kofur ya zagaya igiyar ta ƙarƙashin hammatarsa, ya ƙulla irin ƙullin da aka koya musu, sannan ya riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sama ya cika da muryoyi, mutum shida ko bakwai sun dawo, har da mai faci da ya biyo igiyarsa. "Ja!" Suka ja. Sule ya tashi sama yana zubar da baƙin ruwa kamar fatar da aka tsamo.

Saura Kofur, riƙe da bututun. Ƙirjinsa ya yi nauyi, kansa na juyawa, hasken bakin ramin ya koma can nesa. Igiya ta dawo ta bugi kafaɗarsa, ya gan ta, hannunsa bai tashi ba. Wani irin sauƙi ne ya sauko masa. An fitar da mutum. Shi kuma ya gaji, gajiyar shekara tara. Ya ga kamar akwai inuwar aduwa nan kusa, da wani gajere a zaune yana kallon hanya, da wuri a gefensa.

"Kofur!" Ado ne ke kuka yana ihu, ya kwanta rub da ciki a bakin ramin. "Kama igiya! Ashirin da uku ne a waje, wallahi ashirin da uku! Kai ka ce ba a tafiya sai ya cika! Ga mu nan, ba inda za mu!"

Ya ɗaga kai. Fuskoki ne jere a bakin rami, duk shi suke kallo, suna jiran ya miƙe. Tsohuwar kunyar nan ta taso masa. Ya naɗa igiyar a damtse sau biyu, ya cije ƙarshenta da haƙori. Suka ja.

Bayan Sallah takardun sallama biyu suka fito. Ta Kofur ta ce ya haura katanga ba izini. Ta Ado ta ce ya sa hannun wani. Game da Sule kuwa kamfani ya ce littafi ya nuna ya tashi aiki ƙarfe biyu, abin da ya same shi bayan nan ba su san zance ba. An dai canza katakon. Da sabon katako.

Sule ya yi sati biyar a asibiti. Fatarsa daga wuya zuwa ƙasa ta saɓule, numfashinsa har yau kamar ana busa sarewar da ta tsage. Ranar da bakinsa ya dawo, Kofur na zaune gefen gadon da hannu a naɗe da bandeji.

"Kai Bakano," in ji Sule. "Ni na zage ka. Me ya dawo da kai?"

"Ashirin da huɗu muka shiga."

"Shi ke nan?"

Kofur ya ce, "Ka tambaye ni wa na bari a can. Sunansa Inuwa."

Ya ba shi labarin duka, har da aduwar, har da gorar. Bai taɓa ba kowa ba, ko Radiyya rabi ta sani. Sule ya juya fuska ga bango. Da ya juyo sai ya nemi wasa ya rufe wurin.

"Ka ga ikon Allah. Fushi ne ya cece ni. Da na zo na ce maka 'Kofur, cire ni,' da yanzu kana cin naman Sallah ni ina can ina jiƙa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kofur bai yi ba. Maganar gaskiya ce. Mutum nawa ya cire da bakinsa, suka bi ta kan katakon nan, bai ga saukarsu ba?

A gida ya miƙa wa Radiyya takardar. Ta karanta a tsaye, ta ninke ta huɗu, ta sa ƙarƙashin filo inda sauran biyun suke. Bana ba su yanka komai ba, maƙwabta ne suka aiko musu da nama. Ya jira faɗa, faɗa bai zo ba.

"Nawa suka fito?"

"Ashirin da huɗu."

"Ka gan su?"

"Na gan su."

Ta turo masa kwano. "To ci. Gobe ka fita da wuri, an ce ana ɗaukar leburori a Sharada."

An ce ɗin ne, amma ya tafi ya gani. Har yau yana zuwa. Duk wanda ya bi ta Sharada da sassafe zai ga layin masu neman aikin yini a bakin get-get, a cikinsu akwai wani dogo mai jan ƙafa. Wani lokaci a ɗauke shi, sau da yawa mai ɗauka ya dubi ƙafar ya ce na baya ya matso. Ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba, leɓensa na motsi. In an kwashi mutum goma sha bakwai an shiga da su, shi kuma an bar shi a waje, ba ya tafiya. Sai ya nemi gindin katanga ya zauna, yana fuskantar get, har a tashi.